Bushewar Hancin Kyanwa Ba Ita Ce Shaidar Ciwo Ba



Yau za mu yi magana a kan wata ƙaramar dabba da muke zaune da ita a gidajenmu. Wasu suna kiranta kyanwa, wasu mage, wasu kuma mussa. Namijinta shi ne muzuru.

Akwai wata magana da ta daɗe a bakin mutane. Ana cewa idan hancin kyanwa yana da sanyi da laima, lafiyarta ƙalau. Idan kuwa ya bushe ya yi ɗumi, to ciwo ya kama ta. Ra'ayinmu shi ne wannan magana ba abin dogaro ba ce. Kyanwa mai lafiya hancinta yakan bushe. Kyanwa marar lafiya hancinta yakan jiƙe. Wanda ya dogara da hanci kaɗai zai iya kashe kyanwa mai lafiya da maganin da ba ta bukata. Zai iya kuma barin marar lafiya a tsakiyar yaransa. Saboda haka muke kira da a bar taɓa hanci, a koyi duban kyanwa gaba ɗayanta.

Me ya sa muke magana a kan kyanwa?

Wani zai ce: shafin lafiya da noma ya rasa abin faɗi ne, sai zancen kyanwa? Ba a tatsar ta, ba a yanka ta, ba a kai ta kasuwa.

Gaskiya ne. Amma mu tuna da aikin da take yi mana. Manomi ya yi shuka, ya yi noma, ya yi maimai, ya girbe, ya ɗaure dammuna, ya zuba a rumbu. Daga ranar nan ɓera ya sami gida. Yana cin hatsi, da wake, da gyaɗa. Abin da bai ci ba yana ɓata shi da kashi da fitsari. Yana huda buhu, yana cinye irin da aka ajiye domin damina mai zuwa. Macen ɓera tana ɗaukar ciki na wajen mako 3 kawai, ta haifi ƴaƴa da yawa, kuma ba ta daɗewa sai ta sake ɗauka.

Kyanwa ita ce mai gadin da ba a biyanta. Masana tarihi sun ce abin da ya fara haɗa ta da ɗan Adam ke nan. Mutane suka fara noma suna tara hatsi, ɓeraye suka zo, kyanwar daji ta biyo su. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai shekara wajen 9,500, aka sami mutum da kyanwa an binne su kusa da juna. Wato wannan zama namu da ita ba na yau ba ne.

Bayan haka, kyanwa tana shiga ɗakinmu. Tana kwana kusa da yara. Yara suna ɗaukarta suna wasa da ita. Lafiyarta tana taɓa lafiyar gida. Dole mu san yadda ake gane ta idan ba ta da lafiya.

Daga ina maganar hanci ta fito?

A ganinmu, a wurinmu maganar ta sami ƙarfi ne daga garke. Makiyayi ya san hancin saniya. Saniya mai lafiya, hancinta da leɓenta na sama kullum suna da laima, har da ƴan ɗigo kamar raɓa. A cikin fatar wurin akwai wasu ƙananan maɓuɓɓugai da suke fitar da ruwan, kuma tana yawan lasar wurin. Idan masassara ta kama ta, sau da yawa wurin yakan bushe. Tsofaffin makiyaya da suka ga zamanin ciwon bushiya sun san wannan alama. Shi wannan ciwo an yi shelar ƙarewarsa daga duniya a shekarar 2011, amma ilimin da ya bari yana nan.

To amma mu lura da aikin makiyayi na ƙwarai. Ba ya tsayawa a kan hanci. Yana duba ko saniya tana tuƙa. Yana duba kunnuwanta, da gashin jikinta, da kashinta, da tafiyarta. Yana lura ko ta ware daga garke. Sai ya haɗa duka kafin ya yanke magana.

Kuma kama da wane ba wane ba ce. Hancin kyanwa ƙarami ne, bai kai kan ɗan yatsa ba. Iska kaɗan tana busar da shi. Lasa guda tana jiƙa shi. Abin da yake ɗan taimakon makiyayi a kan saniya ba ya aiki a kan kyanwa.

Me ke jiƙa hancin kyanwa, me ke busar da shi?

Laimar hancin kyanwa tana zuwa ne daga wuri biyu. Na farko, ɗan ruwan da ke fitowa daga cikin hanci. Na biyu, miyau, domin kyanwa tana yawan lasar hancinta. Wannan laima ba ta daɗewa. Tana zuwa tana tafiya sau da yawa a yini guda.

Kyanwa tana barci ƙwarai. Takan yi awa 12 zuwa 16 tana barci a kowace rana. Mai barci ba ya lasar hanci. Saboda haka idan ta farka, hancin yakan kasance a bushe da ɗumi. Ta sha ruwa, ko ta yi ƴan lashe-lashenta, sai ya sake jiƙewa.

Wurin kwanciya ma yana da nasa aiki. Kyanwar da ta kwanta a gindin murhu, ko a kan katanga cikin rana, ko a ɗakin kwano da tsakar rana, hancinta zai bushe. Wadda ta kwanta a gindin randa, nata zai yi sanyi.

Sai kuma yanayin ƙasarmu. Lokacin hunturu iska a bushe take. Leɓunanmu suna tsagewa, ƙafafunmu suna faso, hancinmu yana bushewa, amma ba mu ce ba mu da lafiya ba. Lokacin bazara kuwa, a watan Afrilu da na Mayu, zafi yana wuce digiri 40 a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai. Da bushewar hanci ciwo ce, da a waɗannan watanni babu kyanwa mai lafiya ko guda a ƙasar nan.

Ga wani gwaji mai sauƙi. Wanda yake da kyanwa mai lafiya, wadda ta saba da shi, ya ɗauki littafinsa da alƙalami. Ya duba hancinta da safe, da azahar, da dare, har kwana 3. Kowane lokaci ya rubuta: a jiƙe, ko a bushe. Zai ga amsar tana sauyawa, alhali kyanwar tana cinta, tana shanta, tana farautarta. Gani ya kori ji.

Jikin kyanwa ya fi namu ɗumi

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Zafin jikin mutum mai lafiya wajen digiri 37 ne. Na kyanwa mai lafiya kuwa daga digiri 38 ne zuwa 39 da ƴar ɗoriya. Saboda haka duk lokacin da muka taɓa ta, za mu ji ta da ɗumi. Halittarta ke nan.

Hannu kuma ba ma'auni ba ne. Matar da ta gama wanke-wanke, hannunta da sanyi, za ta ji kyanwa da zafi. Wanda ya dawo daga gona, hannunsa da zafi, zai ji ta da sanyi. Kyanwa ɗaya ce, amsa biyu. Masassara ta gaskiya da ma'aunin zafi ake gane ta, kuma ta dubura ake auna dabba. Idan awon ya wuce 39 da rabi, a nan ne ake zancen masassara. Wannan aikin likitan dabbobi ne ko malamin kiwo, domin kyanwa ba ta yarda a auna ta cikin sauƙi.

Haɗari na farko: ba mai lafiya magani

Mu ɗauka mai gida ya taɓa hancin kyanwarsa ya ji ɗumi. Tausayi ya kama shi. Ya ɗauko ƙwayar parasetamol, irin wadda yake sha idan kansa yana ciwo, ya niƙa ya zuba mata a nono. Da kyakkyawar niyya ya yi, amma guba ya ba ta.

Mu riƙe wannan da kyau: parasetamol yana kashe kyanwa. Hantar mutum tana iya sarrafa wannan magani ta fitar da shi daga jiki. Hantar kyanwa ba ta iyawa. Sai maganin ya ɓata mata jini, jinin ya kasa ɗaukar iska. Dasashinta ya koma launin ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Ƙwaya guda ta manya tana iya kashe ta. Sauran magungunan ciwon jiki na mutane, irin su asfirin da ibuprofen, su ma haɗari ne gare ta.

Haka maganin kaska da ƙuma na shanu ko na karnuka. Wasu daga cikinsu suna sa kyanwa rawar jiki da farfaɗiya har ta mutu. Haka maganin ƙwari na feshin gona. Haka kananzir da baƙin man inji. Duk abin da aka shafa wa kyanwa a hanci ko a jiki, lashe shi za ta yi, ya shiga cikinta. Albasa da tafarnuwa, da muke ganin magani ne gare mu, ita suna lalata mata jini.

Garin neman gira kada a rasa ido. Kyanwar da take ci, take sha, take wasa, ba ta bukatar komai sai ruwa mai tsabta da inuwa, ko da hancinta ya bushe kamar ɓawon gyaɗa.

Haɗari na biyu: barin marar lafiya

Ɗaya gefen ya fi wannan muni. Mai gida ya ga kyanwa ta yi kwana biyu ba ta ci ba. Ya taɓa hancinta, ya ji laima da sanyi. Sai hankalinsa ya kwanta, ya ce babu komai.

Alhali akwai cututtukan da suke jiƙa hanci. Murar kyanwa tana sa atishawa, da majina, da hawaye. Hancin mai irin wannan mura a jiƙe yake sharkaf. Kyanwar da ta ci guba, ko wadda zuciyarta take tashi, tana dalalar miyau tana lasar hanci. Wadda ciwo ya ci ƙarfinta har ta kusa mutuwa, jikinta da hancinta sanyi suke yi. Ashe sanyin hanci ba kullum ne albishir ba.

Kyanwa kuma tana da halin ɓoye ciwo. Ba ta kuka kamar akuya. Wuri take nema mai duhu, ƙarƙashin gado ko bayan rumbu, ta lafe. Kafin a farga, ciwo ya yi nisa. Mai lura da halinta ne kaɗai yake ganewa da wuri.

To, me za mu duba?

Ga alamomin da suka fi hanci faɗin gaskiya. Yawancinsu da ido ake ganinsu, ba sai an sa hannu ba.

1. Ci. Kyanwar da ta yi yini da kwana ba ta taɓa abinci ba, akwai abin da ke damunta. Idan ta kai kwana 2 zuwa 3, hantarta tana iya lalacewa. Ƴaƴan kyanwa ba su jure ko yini guda.

2. Sha. Ƙin shan ruwa alama ce. Yawan sha fiye da yadda ta saba, tare da yawan fitsari da rama, shi ma alama ce, sau da yawa ta ciwon ƙoda ko ciwon suga.

3. Kuzari. Tana fita farauta? Tana hawa katanga? Ko ta lafe wuri ɗaya, an kira ta ba ta ɗaga kai?

4. Gashi. Kyanwa mai lafiya tana gyara jikinta, gashinta yana kwance yana sheƙi. Marar lafiya ta bar lasar jiki, gashin ya tashi ya cukurkuɗe.

5. Ido. Ya kamata ya zama garau. Kwantsa, da hawaye, da farar yana da ke rufe gefen ido, duk alamu ne.

6. Numfashi. A ƙirga shi lokacin da take barci. Ƙirji ya tashi ya sauka, ɗaya ke nan. Mai lafiya tana yin 20 zuwa 30 a minti guda. Kare yana haki da harshe a waje, ba komai. Amma kyanwar da take zaune tana numfashi da baki a buɗe tana cikin haɗari.

7. Amai da zawo. Amai sau ɗaya, musamman na gashi ko na ciyawa, ba abin tsoro ba ne. Amai a kai a kai, ko zawo da jini, ko tsutsa a cikin kashi, suna bukatar magani.

8. Fitsari. Muzurun da yake tsugunawa yana yunƙuri yana kuka, fitsari bai fito ba, mafitsararsa ta toshe. Idan ba a taimake shi ba, yana iya mutuwa cikin kwana 2 zuwa 3.

9. Dasashi. Idan ta yi hamma, a duba. Na mai lafiya ja-ja ne mai haske, da laima. Fari fat alamar ƙarancin jini ce. Rawaya alamar shawara ce.

10. Fata. Ga kyanwar da ta saba da hannu, a ɗan ja fatar bayan wuyanta a saki. Idan ta koma nan take, da ruwa a jikinta. Idan ta tsaya a tattare, ruwan jikinta ya ragu.

Idan hanci ya bushe, amma waɗannan goma duk lafiya, to kyanwa lafiya take. Idan hanci a jiƙe yake, amma biyu ko uku daga cikinsu sun ɓaci, to ba ta da lafiya.

Yaushe ne hanci yake da abin faɗi?

Ba mu ce a daina kallon hanci ba. Akwai lokacin da shi kansa yake nuna ciwo. Idan ya tsage yana jini. Idan ya yi ɓawo ko gyambon da ya ƙi warkewa. Idan majina mai kauri, rawaya ko koriya, tana fita. Idan ya kumbura. Idan hancin da aka sani ja-ja ya koma fari. Waɗannan duka abin dubawa ne.

Kyanwa mai farar fuska da jan hanci rana tana ƙona ta, a hanci da bakin kunnuwa. Idan ƙunar ta daɗe, tana iya zama ciwon daji na fata. Irin wannan kyanwa a samar mata inuwa da tsakar rana.

Idan majina ta toshe hancin kyanwa, ba ta jin ƙanshin abinci, sai ta ƙi ci. A goge mata da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi. A ɗan ɗumama mata abinci mai ƙanshi, kamar kifi ko romon nama marar albasa. A raba ta da sauran kyanwoyi, domin murar tana yaɗuwa a tsakaninsu.

Babban dalili: ciwon haukan kare

Yanzu mun zo kan abin da ya fi damunmu. Wanda zai taɓa hancin kyanwa, dole ya kai yatsansa kusa da bakinta. Mukan yi wa mutum marar faɗa kirari da kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. To kyanwa marar lafiya ba kyanwar Lami ba ce. Ciwo yana sa ta cizo, ko da mai ita ne.

Ciwon haukan kare ba kare kaɗai yake kamawa ba. Yana kama kyanwa, da jaki, da saniya, da dila, da mutum. Ƙwayar cutar tana cikin miyau. Tana shiga jiki ta cizo, ko ta yakushi, ko idan miyau ya taɓa rauni, ko ido, ko baki. Mu tuna cewa laimar hancin kyanwa, da miyau a cikinta.

An ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara a duniya, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen 4 daga cikin 10 na masu mutuwa yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Mafi yawan lokaci kare ne yake kawo shi. Amma kare mai ciwo yana cizon kyanwa a waje, ita kuma ta shigo da shi ɗaki.

Alamar farko ita ce sauyin hali. Kyanwa mai sanyin hali ta koma faɗa ba dalili. Ko wadda take gudun mutane ta zo tana shafar su. Muryarta ta sauya. Miyau yana zuba, ta kasa haɗiya. Ƙafafun baya su fara shanyewa. Wanda ya ga haka kada ya taɓa ta. Kada ya buɗe bakinta yana neman ƙashin da ya maƙale. A janye yara. A rufe ta a inda take idan za a iya ba tare da haɗari ba. A sanar da ma'aikatar kiwo.

Idan kyanwa ko kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, ga abin yi:

A wanke wurin nan take da ruwa mai yawa da sabulu, har minti 15. A duba agogo, kada a gajarta.

Kada a sa toka, ko barkono, ko garin magani, ko a ɗaure wurin tamau.

A tafi gidan likita a ranar, ko da raunin ƙarami ne. A faɗa wa likita dabbar da ta yi cizon da halin da take ciki.

Idan likita ya ce a yi allurar rigakafi, a yi ta duka, a ranakun da ya rubuta.

A tsare dabbar a sa mata ido kwana 10. Amma kada a jira kwanakin nan su cika kafin a je likita.

Ciwon yakan yi wata 2 zuwa 3 a ɓoye a jikin mutum, wani lokaci ƙasa da haka, wani lokaci fiye. Rauni ya warke, an manta. Amma da zarar alamu sun bayyana, kusan babu mai tashi. Allurar da aka yi da wuri ita ce take ceto. Wani masani na ƙasar Faransa mai suna Luwi Fasto shi ya fara yin ta ga mutum a shekarar 1885, ga wani yaro ɗan shekara 9 da kare ya ciza, yaron kuwa ya rayu. Tun daga shekarar 2007, ranar 28 ga watan Satumba ta zama ranar faɗakarwa a kan wannan ciwo a duniya. Kyanwa da kare ma ana yi musu tasu allura, tun suna da wata 3.

Amsa ga masu ja da mu

Wani zai ce: ai na taɓa ganin kyanwa marar lafiya, hancinta kuwa a bushe. Mun yarda. Masassara da ƙarancin ruwa suna iya busar da hanci. Amma mu tambaye shi: yaya ya fara sanin ba ta da lafiya? Ai ganin ta ya yi ta ƙi abinci ta lafe. Bayan nan ne ya taɓa hancin. Idonsa ya riga ya ba shi labari. Sauran ranakun da hancinta ya bushe tana lafiya, ba wanda ya taɓa, ba wanda ya ƙirga.

Wani kuma zai ce: mu a ƙauye ba mu da ma'aunin zafi, likitan dabbobi yana nesa, da me za mu auna in ba da hanci ba? Wannan magana ce mai nauyi, kuma mun san gaskiyarta. Amma rashin mudu ba ya sa a yi awo da ƙwarya mai huji. Alamomi goma da muka lissafa ba su bukatar ko dala. Ido suke bukata, da haƙuri. Kuma malamin kiwon da yake zuwa yi wa shanu da awaki allura, ana iya tambayarsa game da kyanwa da kare. Matambayi ba ya ɓata.

Wani zai ce: wannan maganar magabata ce, su wa muke da za mu gyara ta? Magabatanmu da lura suka sami iliminsu. Wanda ya ƙara lura, ya gyara abin da ya karkace, hanyarsu ya bi.

Kiranmu ga jama'a

Mu ajiye wa kyanwa ruwa mai tsabta a kasko, a inuwa, a sauya shi kullum, musamman da bazara. Mu ba ta abinci ko da tana kama ɓera, domin kyanwa mai ƙarfi ta fi farauta. Madarar shanu tana sa manyan kyanwoyi da yawa zawo, kuma ba ta maye gurbin ruwa.

Idan mun sa maganin ɓera, mu sa shi inda kyanwa, da kaji, da yara ba su kaiwa. Mu binne mushen ɓeran, domin kyanwar da ta ci shi tana iya cin gubar.

Kada mu ba ta maganin mutane, kowane iri ne.

Mu koya wa yara kada su ɗauki kyanwar da ba su sani ba, ko wadda take kwance ba ta da lafiya. Mu koya musu kuma, idan ta cije su ko ta yakushe su, su faɗa nan take. Kada mu doke su saboda haka, domin yaron da yake tsoron duka ɓoye rauni yake yi.

Mace mai ciki kada ta kwashe kashin kyanwa, domin yana iya ɗauke da wata cuta mai taɓa jaririn da ke ciki. Kowa ya wanke hannu da sabulu bayan ya taɓa dabba, kafin ya ci abinci.

Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa wanda bai iya ba, a gida, da majalisa, da wurin karatun yaƙi da jahilci. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya, mu da iyalanmu da bisashenmu, ya kuma tsare mana abin da muka noma.